Kod a Madubi, Tag a Wuya

A shagon Hajiya ba mai kiranta da komai sai Mage. Wai don tafiyarta ba ta da sauti, sai dai mutum ya waiwaya ya gan ta tsaye da tawul tana kallonsa. Aikinta wankin kai da tsifa da sharar gashin da ya zube. Tun da ta gama sakandare Gwaggo ta kawo ta shagon. Gwaggo ƙanwar babanta ce, ita ta riƙe ta tun tana rarrafe, ita ce kuma mai kujerar kitso ta kusa da taga. Ɗaya kujerar ta Rediyo ce. Ita ma kitso take yi, amma bakinta ya fi hannunta aiki, shi ya sa sunan ya bi ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya mai ginin da Hajiya ke haya ya shigo da tef ɗin awo, ya ce zai karɓi rabin shagon a ja bango. Da ya fita Hajiya ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Bahon wankin kai ba ya ciruwa," ta ce. "Dirayar busar da gashi ma haka. Kujera ɗaya ce za ta fita."

Ba wadda ta kalli wata. Mage ta ci gaba da share wurin da ta riga ta share.

Ana cikin haka ƙanin Hajiya ya zo da wasu abubuwa biyu a ambulan. Ya daɗe yana damunta da cewa shagon tsallaken titi ya cika shafinsa na intanet da taurarin yabon kwastomomi, ita kuwa in an nemi nata a waya kamar kango. Na farko sitika ce mai zanen ɗigo-ɗigo baƙi da fari, kamar ƙuda sun yi taro. Ya ce kod ne, mutum ya haska shi da kamarar waya sai shafi ya buɗe, ya ba da taurari ya rubuta ra'ayinsa. Na biyu ɗan faifan roba ne kamar murfin kwalba. Ya ce tag ne, shi ba a haskawa, bayan waya kawai za a taɓa masa.

"Gwada su za ki yi, Yaya, mu ga wanne mutane suka fi amfani da shi, sai a ƙaro irinsa."

Hajiya ta juya su a hannu. Mage ta ga lokacin da tunanin ya sauka a fuskarta.

"To ai faɗuwa ta zo daidai da zama. A ba Gwaggo ɗaya, a ba Rediyo ɗaya, kowa da shafinta. Kwastomomi su yi mini alƙalanci, kar a ce na yi son kai."

"Ni kayan na ce a gwada, ba mutane ba," in ji shi. Amma wayarsa ta yi ƙara, ya saita musu shafukan a tsaye ya fice.

Rediyo ta riga ta cafke faifan. "Ni dai a ba ni na wuya. Da ma mijina ya ƙi saya min sarƙa."

Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Mage, liƙa min nawa inda ba zai tare min haske ba."

Mage ta goge madubin Gwaggo tas, ta zauna a kujera don ta auna, ta liƙa kod ɗin a gefe, daidai idon mai zama. Har ta ji daɗin dabararta.

Rediyo ta rataya tag ɗinta da jan zare. Ba ta taɓa maganarsa sai ta gama kitso, ta fesa mai, ta nuna wa mace ƙeyarta a ƙaramin madubi, ta raka ta har ƙofa.

"Wallahi yau maigida sai ya manta hanyar majalisa. Kawo wayar nan, 'yar uwa, ɗan taɓa min a ƙirji."

Wata wayar ta yi ɗan kuka nan take. Wata wayar sai an cire mata rigarta ta roba an goga nan an goga can. Wata kuma ko kusa, sai Rediyo ta ce, "Wannan wayar taki tun ta kakanni ce," a yi dariya a rabu. Amma duk wadda tata ta buɗe, tana tsaye ne gaban Rediyo, kai na ƙyalli, ido cikin ido. Wa zai danna tauraro biyu a haka?

Na Gwaggo daban. Kitsonta ƙanana ne, a matse, tsaga kamar an ja da rula. Mace ta yi wata da shi, ta wanke, ta sake wankewa, yana nan. Sai dai kafin a kai can ana jin jiki. Gwaggo daga ƙeya take farawa, kan mace a sunkuye. Sai ta iso gaban goshi, inda gashi ya fi laushi ya fi zafi, sannan ta ɗago mata haɓa. Daidai nan idon mace, cike da ƙwalla, yake sauka kan kod. Ga waya a cinya, ga gajiyar zama. Mage tana daga bakin baho tana gani: hannu ya ɗaga waya, ya haska, yatsa ya fara rubutu, baki a cije.

Wata safiya kafin kowa ya zo Hajiya ta buɗe shafukan ta karanta a fili.

"Rediyo, taurari biyar. Biyar. Biyar, ta ce ya yi. Biyar, ba rubutu." Ta ja yatsa ta ja, abin bai ƙare ba. "Gwaggo kuma, ba su da yawa, amma sun iya surutu. Uku, an daɗe ba a gama ba. Biyu, kaina kamar zai tsage. Biyu, matar nan hannunta filaya ne."

Rediyo ta fashe da dariya, sai ta ga fuskar Gwaggo, ta mayar da ita tari.

Gwaggo ta ɗauki kibiyar tsaga ta goge da gefen zaninta. "Filaya," ta ce a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmar.

Daga ranar Mage ta ga hannun Gwaggo ya canza. Yatsun da ke kama gashi tun daga tushe suka koma ɗauka sama-sama. Har tambaya ta koya: "Da zafi? In sassauta?" Ita da ba ta taɓa tambayar kowa ba, sai dai ta ce, "Zauna daidai, ba a kanki aka fara ba." Kitson yana fita da kyau a ido, amma Mage mai tsifa ce, ta san wanda zai kwana biyu ya tashi.

Da yamma a hanyar gida, suna jiran mota, Gwaggo ta ce, "Yau me suka rubuta?"

"Ban duba ba."

"Ke da idonki ba ya barin komai? Ni na yaye ki fa."

Mage ta kalli takalminta. Abin da take son faɗa shi ne: ba hannunki ba ne, Gwaggo, wurin da na liƙa abin ne. Amma in ta faɗa, ta ce ita ta jawo. In ta faɗa wa Hajiya kuma, kamar tana cewa a kori Rediyo ne, Rediyo da ke da goyo, wadda kullum sai ta raba abincinta biyu ta tura mata rabi. Ta taɓa zuwa har gaban teburin Hajiya, Hajiya ta ɗago ta ce, "Mene ne?" sai ta ji bakinta ya ce, "Shamfu ya kusa ƙarewa."

Ta yi tunanin ɓanɓare sitikar ta mayar ƙofa. Ta sa farce a kusurwa, takardar ta fara yagewa, ta bari. In ta lalace fa, a ce Gwaggo ce ta sa ta?

Bulo da yashi sun riga sun iso bakin shago ranar da Malama ta shigo. Malamar firamare ce, tsohuwar kwastomar Gwaggo tun kafin a haifi Mage. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta zare ɗankwali.

"Gwaggo, dubi nan. Sati bai cika ba, kaina kamar sheƙar tsuntsu. Ciwo kike yi ne ba ki faɗa ba?"

"Lafiyata ƙalau. An ce hannuna filaya ne, na sassauta."

Malama ta tsaya da ɗankwali a hannu. "Wa ya ce?"

"Waya ta ce."

"Ke, ai ni ce na rubuta wannan." Ta yi dariya, ba wanda ya taya ta. "To ba abin da nake gaya miki ba ne kullum? Shekara nawa ina ce miki filaya, kina ce min raguwa? Kina kan goshina ne a wancan kitson na baya, na ga abin a madubi, na ce bari in rama."

"Tauraro biyu kika ba ta, Malama," in ji Hajiya daga tebur.

"A lokacin ko ɗaya ba ta ci ba. Ki tambaye ni bayan sati biyu mana." Ta kalli bulon da ke waje, ta kalli kujerun. Dariyar ta bar fuskarta. "Wai me ake ciki ne a nan?"

Mage ba ta san lokacin da ta ajiye tawul ba. Muryarta ta fito siririya, sai da Hajiya ta ce ta ɗaga.

"Hajiya, ba daidai aka gwada ba. Na Anti Rediyo sai an gama ake taɓawa, a ƙofa, tana tsaye. Na Gwaggo ana tsakiyar zafi ake haskawa, kuma ba mai ganin abin da suke rubutawa. Da an musanya..." Ta nuna madubin Gwaggo. "Ni na liƙa shi a wurin."

Rediyo ta kama faifan da ke wuyanta kamar za a ƙwace, sannan ta sake shi.

"Yarinyar nan gaskiya ta faɗa," ta ce. "Ni ma da a madubina yake da na sha zagi. Ashe Mage tana magana."

Malama ta miƙo wayarta. "Kawo na wuyan in taɓa wa Gwaggo."

"Wannan shafina yake buɗewa, Malama," in ji Rediyo. "Kuma irin wayarki ba ta ji."

Mage ce ta karɓi wayar, ta haska kod ɗin, ta nemo inda ake gyara ra'ayi. Malama ta mayar da biyu biyar, ta daɗe tana rubutu da yatsa ɗaya.

Hajiya ta bari sai da ta gama. Ta cire tabarau ta murza idonta.

"Na ji ki, Mage. Da ma kin faɗa tun da wuri." Ta juya ga Gwaggo, amma ba ta iya kallon idonta ba. "Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba. Ko an musanya, abu ɗaya na gani. Tun da shafin Rediyo ya cika, sababbin fuskoki ke shigowa da waya a hannu suna tambayar ta. Naki mutanen naki ne, ko a ƙarƙashin bishiya kike za su same ki. Ni kuwa shago nake riƙe da shi. Magina jibi za su fara."

Gwaggo ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin da ta riga ta sani. Ta nuna wa Malama kujera.

"Zauna in gyara miki ɓarnar da na yi. Mage, zo ki tsefe."

Ta yi kitson yadda ta saba, tun daga tushe. Malama ta cije leɓe, ƙwalla ta taru.

Hajiya ta ce Gwaggo ta tafi da madubin, ai ita ta fi kowa sanin sa. Rediyo ta taya su ɗaure shi da tsohon zani, tana ta surutu a kan komai ban da abin da ke faruwa, idonta ya yi ja. A gida suka jingina shi a bango tsakanin gado da buhun kaya. Ɗakin ya ƙara ƙanƙanta. Kod ɗin yana nan a gefe, kusurwa ɗaya a yage.

Mage ta ɗauko kibiya ta fara kankare shi. Takardar ta fita, gam ɗin ya ƙi.

"Gobe ba zan koma ba," ta ce, tana fuskantar madubin.

"Za ki koma. Mu biyu mu zauna muna kallon juna, mu ci me?"

"Ni na jawo miki."

"Bango ke kika ja?" Gwaggo ta zauna a bakin gado ta buɗe ƙafafu. "Bar wannan. Zo nan, kanki ya yi kamar ba 'yar mai kitso ba. Kar a ce daga barina shago kin lalace."

Mage ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Kibiya ta ja tsaga mai sanyi daga goshi zuwa ƙeya. Yatsun suka kama, suka ja, har girarta ta ɗaga. Ta ga fuskarta a madubi, ta ga ta Gwaggo a sama, baki a tsuke, ido kan aiki.

"Da zafi?" in ji Gwaggo.

"A'a."

"Ƙarya kike. Zauna daidai."