Baƙon Tari a Ƙirjin Hammanjoda

…shi fa, Hammanjoda, dillalin da kasuwar shanun Iware ke gane karin hularsa tun daga nesa, wai shi ake tambaya irin tarin da yake yi. A kemis, a Yelwa, gaban jama'a. Me ya yi wa duniya?

"Baba, busasshe ne ko mai majina?" in ji Mabel, mai shagon.

Ai da cewa ta yi wanne daga ciki. Kala-kala gare shi, shi ya rene su. Tarin alama ne. Gajere guda, in sayarwa suke: Nasiruddeen, abokin harkarsa, ya zo kamar baƙo ya taya da tsada. Biyu a jere, in saye suke: Nasiruddeen ya kushe dabbar ya wuce. Ba wanda ya taɓa ganewa. Cuta? Gwaninta dai. Wa ke wa tari fassara?

Sai ga wannan baƙon tarin, ba sallama. Kasuwar da ta wuce, tsakiyar cinikin farin bijimi, ya taso daga can ƙasa, sau biyu, Nasiruddeen kuwa ya hau kushe bijimin da aka ba su su sayar… kallon da mai bijimin ya yi masa… Gobe kasuwa. In abin ya sake, asiri ya tonu, sai dai ya koma tallan igiya.

Ya ɗaga kai. Ikon Allah. Kwalabe jeri-jeri har rufi, ja, kore, ruwan zuma, haske na ratsa su. Wannan, wai, lallashin maƙogwaro yake, tari ya kwanta. Wancan narka majina yake ya koro ta waje — ƙarin tari ke nan, kuma a kasuwa. Na gefe yana sa barci. Dillali mai gyangyaɗi, a bar maganar. Na yara daban. Mai hawan jini ma sai ya tambaya tukuna. Ashe wasu sun zauna, can wata uwa duniya, sun ware tari kamar yadda ake ware shanu, bunaji daban, bokolo daban… shi yana nan yana zaton shi kaɗai ya yi wa tari karatu.

To wace kwalba ce za ta kori baƙon ta bar 'yan gida? Ya tambaya? Da wane bakin?

"Baba, in ya wuce sati biyu, asibiti fa."

Sati nawa ma… Adda, matarsa, ta ce tun kafin girbin masara yake hana ta barci. Ya ce mata gwaji yake yi, kar hannu ya mutu. Gwaji? Yana barci?

Ya dafa ƙirji. Abin nan yana ta buɗewa yana rufewa tun ranar da aka haife shi, bai taɓa neman izininsa ba, ko la'ada bai taɓa karɓa ba. Shi ko sai cika baki, nawa ne, ni na hore shi…

Hannunsa ya tsaya tsakanin ja da kore. Mabel na jira. Can ƙasa wani abu ya fara susa, yana hawowa a hankali, shi kuma ya kasa kunne, ya ji ko nasa ne…