Taɓaryar Inna Hajjo

"Ayari ya sauka a bakin rijiya, Yaya Manzo, kuma Alaramma na ciki."

Ƙanwarsa Zalika ce ta leƙo ta kan danga ta faɗa, tana haki, baki har kunne. Manzo ya suri buta ya sake nufar bayan gari, don tun asuba cikinsa ya ƙi zama wuri ɗaya.

A shekarar da gwamnan Nasara ya kwashe kayansa daga Damagaram ya koma Yamai, duk ƙauyukan Falanko babu gardin da ya kamo ƙafar Manzo a hadda. In yana tilawa shi kaɗai a gindin aduwa, izu sittin yake bi kamar hanyar gonarsu. Amma a tara masa rawuna su zuba masa ido, sai ya sa gudu, ya haɗiye wannan aya, ya tsallake waccan, daga nan harshe ya ƙage. Haka ta faru bara a Gangara, ya dawo gida yana kuka da gemunsa. To ga Alaramma Jibo zai wuce tare da ayarin gishiri, ya kuma yarda ya saurare shi da hantsi. In ya haye, zai bi shi birni ya fara rubuta Alƙur'ani da ka. In ya faɗi, malaminsa ya riga ya yanke magana, sai ya rataye allo ya rungumi hauya.

Gari kuwa ya kacame. Raƙuma na kuka, yara na bin Buzaye, mata na fita da ƙoren gero su dawo da gishiri da dabino. Uwarsa Salamatu ta jiƙa geron gumbar sadaka tun ba a san ko za a sha ta ba. Kowa da maganin da ya kawo wa Manzo. An ba shi rubutu ya sha har cikinsa na ƙugi, kawunsa ya ce ya sa tsakuwa a ƙarƙashin harshe, wata gwaggo ta shafa masa man shanu a maƙogwaro. Duk a banza, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Da ya dawo daga bayan gari sai ya faɗa gidan maƙwabcinsu, Baba Gajere, tsohon ɗan ayari wanda ya cinye ƙuruciyarsa a hanyar Balma wajen ɗauko gishiri. Tari ya kwantar da shi tun damina, amma ranar nan ya sa matarsa Inna Hajjo ta fito da shi tsakar gida, ta shimfiɗa masa tabarma kusa da turmi. Karatunsa bai wuce na salla ba, sai dai bakin nan nasa ba ya ciwo.

"Gardi, buta ta huta ko da saura?"

"Baba, ina jin gudu zan yi in ɓuya cikin kara."

"Ai gudun ne ke kashe ka. Ni ban san baƙi ba, amma na san dabbar da ta firgita. Ka taɓa ganin raƙumin da ya kai Balma da sukuwa?" Ya yi tari mai tsawo, ya share baki da gefen bargo. "Na aika wa liman, a rumfar ƙofar gidana za a zauna. Hajjo za ta yi daka. Kada ka dubi rawanin kowa. Ka kama taɓarya da kunne, ta sauka ka sauka, ta ɗaga ka ɗaga."

Inna Hajjo ta taɓe baki. "Ni yanzu na zama malama ke nan."

"Ke dai ki riƙe hannunki yadda kika saba. Tashi gardi, kana tare mini rana."

Hantsi na dubawa rumfa ta cika har waje. Alaramma Jibo ɗan siriri ne mai idanu kamar na shaho, ya zauna a buzunsa, liman da malamin Manzo a gefe. Manzo ya durƙusa a gabansu. Alaramma ya ja masa baki daga tsakiyar Baƙara, ya jira ya ɗora.

Sai ga ƙarar taɓarya daga bayan danga, dum, dum, ba sauri ba nawa. Manzo ya runtse ido ya hau kanta. Ayar farko ta fito tana rawa, ta biyu ta tsaya da ƙafarta, daga nan sai karatu ya miƙe. Wani dattijo ya yunƙura zai aika a tsayar da dakan, Alaramma ya ɗaga hannu.

"Ƙyale ta, Malam. Mai hadda ko a kasuwa mai hadda ne."

Aka jefa shi Yusufa ya fita, aka komo da shi Nisa'i ya fita. Daɗi ya fara kama shi, irin daɗin da bai taɓa ji a gaban mutane ba, har ya ji muryarsa na kaiwa bakin rijiya. Buzaye suka bar ɗaurin kaya suka zo suka tsaya. Alaramma ya ja masa baki a Kahfi, ya kama, ya yi nisa.

Taɓarya ta tsaya.

Nan take rumfa ta cika da idanu. Ayar da ke bakinsa ta ɓace fat, ya lalubo ta ya rasa, gumi ya karyo masa. Ya ji malaminsa ya gyara murya, ya ji tsohon gudun nan na taso masa daga ciki, ya san in ya buɗe baki yanzu Gangara ce za ta dawo. Ya danne harshe ya jira. Wani ya ce, "Ayya." Alaramma ya fara lalubar carbinsa.

Sai dum. Sai dum kuma, daidai yadda take ɗazu. Ayar ta dawo da kanta, ya ɗauke ta, bai sake tuntuɓe ba har rana ta kusa tsaka.

Alaramma ya shafa fatiha, ya dubi malamin. "Ku ɗaura masa kayansa. Da la'asar muke tashi."

Guɗa ta tashi daga gidan Salamatu, Zalika na tsalle da ƙwaryar gumba. Manzo bai tsaya karɓar hannu ba, ya kutsa ta ƙofar danga, ƙafa ba ta taɓa ƙasa.

"Baba, na kai Balma!"

Inna Hajjo na tsaye riƙe da taɓarya, ba ta daina dakan ba sai da ta gan shi. A kan tabarma an ja bargo har ya rufe fuska, an miƙe ƙafafu, an juya Baba Gajere gabas.

"Inna, yaushe?"

"Lokacin da ka ji na tsaya." Muryarta a dushe take. "Na rufe masa ido na komo. Ya ce ko me ya faru kada in aje ta sai ka kai. Kullum musu nake yi masa, na ce yau dai bari in bi."

Manzo ya zube a gefen tabarma. Ya karɓi taɓaryar daga hannunta a hankali, tafinta duk ya yi kanta ya fashe, ya jingine ta a danga. Sai a lokacin ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi, ta saki kukan da ta riƙe. Guɗar gidan Salamatu ta yanke a tsakiya.

Mutanen rumfa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, Alaramma a gaba, kowa na tuɓe takalmansa a ƙofa. Kaji suka kewaye turmi suna tsattsagar garin da ya zuba.