Hannun Baba Sule

Kalangu ya ɗau zafi a fagen damben Bilbis sa'ad da Baba Sule ya fizge hannunsa daga riƙon Rabi'u ya kutsa cikin taro, sandarsa a sama. Tsohon da sai da aka tallafa masa kafin ya hau mota a Gusau, ga shi yana rangaji yana kiran sunayen mazajen da suka daɗe a ƙasa. Makaɗin ya gane shi, ya juya kiɗa zuwa takensa na da. Mahadi, ɗan Rabi'u mai shekara goma, ya saki baki yana kallo.

Don Mahadi aka yi tafiyar. Sau uku cikin wata guda ana kiran Rabi'u makaranta saboda faɗa, hedimasta kuma ya rantse na huɗu kora ce. Rabi'u tela ne, in ba almakashi ba bai san komai ba, sai ya kai kuka wurin maƙwabcinsa a Damba, tsohon mahauci da ya yi shekara ashirin yana naɗe hannu. Baba Sule ya ce bulala ba za ta yi wa yaron komai ba, a nemo masa inda zai sauke ƙarfinsa. Amma ba zai zaɓa ba sai ya gani da ido.

Sun fara leƙa kokawa a Furfuri. Baba ya yaba, sai dai ya ce da ruwa ya sauka kowa gona zai koma. Bilbis kuwa, ganin wannan rawar, Rabi'u ya ɗauka magana ta ƙare. Mahadi ma tun a tasha yake naɗa gefen rigarsa a dunƙule.

A hanyar komawa motarsu ta wuce Tsafe. Can tsohon ya ɗora hannunsa na dama a gwiwar yaron, yatsun a karkace, ba sa haɗuwa.

"Duba shi da kyau," in ji shi. "Shekara goma sha biyar ban ɗebi tuwo da shi ba."

Saura wuri ɗaya. Wani ma'aikacin sakatariya mai suna Joseph yana koyar da kareti ranar Asabar da la'asar a filin firamare. Baba ya ce zai je ne kawai ya sha dariyar damben silima. Suka tarar da yara kamar ashirin cikin fararen kaya, ba takalmi, har da mata biyu. Wani ɗan firit ya kai wa abokinsa naushi, ya tsayar da shi dab da hanci.

Baba ya miƙe tsaye ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a ƙara.

"Malam Yusuhu, wa ya koya mai tsayawa?"

Joseph ya ce shi ne abin da ake fara koya musu.

"Mu bugu aka koya muna," Baba ya ce. "Ba wanda ya koya muna wanga."

Nan take ya tuɓe takalmi ya miƙa wa Rabi'u sanda, ya shiga layi. Yara suka yi ta ƙyaƙyata, shi kuma ihunsa ya fi na kowa. Har gida yana kai wa iska naushi yana tsayarwa. Mahadi ya kumbura, shi dambe yake so, sai da Baba ya yi alkawarin raka shi duk Asabar. Washegari ya sa aka yanko farin yadi, ya zauna a shagon Rabi'u bai tashi ba sai da aka gama ɗinka wa yaron kaya.

Asabar uku ya cika alkawari. Ta huɗu ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ya sa matarsa Inna Zainabu ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya aika a ce wa Mahadi ya zo cikin kayansa. Ya nuna hancinsa ya ce ya kawo naushi. Rabi'u ya so ya hana, tsohon ya harare shi. Yaron ya ja numfashi ya saki hannu, dunƙulen ya tsaya cak, ko gashin baki bai taɓa ba. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce maza su tafi kada su makara.

Ranar Laraba da hantsi Allah ya yi masa rasuwa. Mahauta suka rufe rumfuna, aka ciko motoci biyu daga Tsafe. Ranar uku Joseph ya zo gaisuwa da yaransa duka, suka zauna jere a bakin tabarma, Mahadi na zagayawa da gumba.

Da mutane suka watse, Rabi'u ya shiga gida. Mahadi ya wanke fararen kayansa da kansa, bai iya matsewa ba, ya shanya su a kan katangar da ta raba gidajen biyu. Ruwan na ɗiga a hankali ta ɓangaren su Inna Zainabu.