Tuwon Haladu

Shekara biyu ke nan da Haladu ya bar Gwiwa ya shiga soja, har yaƙi ya ƙare babu labarinsa. Amma kullum mahaifiyarsa Shatu sai ta kwashe masa tuwo a akushi, ta rufe da faifai. Da safe mahaifinsa, Malam Lauwali, yakan ɗauki tuwon da sanyi ya sandarar, ya marmasa wa kaji a bayan rumbu. Yana yi yana mitar ana ɓarnar hatsi, amma a ransa, muddin tana zubawa, shi ma bai fid da rai ba.

Wata safiya ya fito ƙudundune cikin bargo, kajin suka yanyame shi. Ya ɗaga faifan, ya tarar da akushin a wanke, a bushe.

"Shatu, kin manta da na yaron nan?"

Tana hura wuta, ba ta ɗago ba. "Ban manta ba, Malam. Ka watsa musu dusa."

"To, in ya iso yau fa?"

"Allah ya jiƙansa," ta ce, ta ci gaba da hura wutarta.