Ranar da Na Kama Ɓarawon Orville

A watan Afrilu, ƙanƙara ta fara narkewa, aka yi wa kamfanin inshorar lafiyar da kusan duk tsofaffin garinmu ke ciki kutse. An kwashe sunayenmu da ranakun haihuwarmu da lambobinmu na gwamnati. Daga nan hirar gari ta koma ta ɓarayin suna. A coci ita ake yi, a wurin gyaran gashi ita ake yi. Kowa yana da labarin wani ɗan'uwansa da aka ci bashin mota da sunansa a wata jihar da bai taɓa takawa ba.

Sunana Marlys Vandehey, shekarata sittin da takwas, mijina ya daɗe da rasuwa. Ni kam ban tsorata ba, daɗi ma na ji. Tun da na yi ritaya daga ofishin makaranta ban samu abin da zan zauna in tona ba sai wannan karon. Na share teburin kicin, na kunna kwamfuta, na shiga duba kamfanonin da ke gadin sunan mutum. Na tace na tace har suka rage biyu. Ɗaya tambarinsa kare ne, ɗayan mujiya, kuma da haka muke kiransu har yau.

Kare ya yi alkawarin cewa da zarar wani ya taɓa sunanka zai sanar da kai a waya, ka danna wuri ɗaya a kulle komai. Mujiya ta fi araha, ba ta da gaggawa irin tasa, amma ta ce in an riga an yi ɓarnar za ta ba ka mutum guda da zai yi maka duk zirga-zirgar wanke sunanka. Kowannensu yana ba da wata guda kyauta. Sai dabara ta zo mini: in gwada ɗaya da sunana, ɗayan da sunan Orville.

Orville Dombeck abokin rawata ne. Ya yi aiki a masana'antar cuku har ya tsufa, shi ma matarsa ta rasu. Ranar Juma'a mu je cin soyayyen kifi, ranar Lahadi da rana mu je rawar polka a zauren tsofaffin sojoji. Shekara uku muna haka. In an tambaye ni sai in ce abokina ne, in an tambaye shi sai ya shafa farin gemunsa ya fara maganar yanayi.

Da na gaya masa shirina, sai ya ajiye kofin kofi ya dube ni.

"Marlys, wa zai so ya zama ni? Ko ni wani lokacin gajiya nake yi."

"Ba kai suke so ba, sunanka suke so. Ka taɓa makara wajen biyan wani abu?"

"Ban taɓa ba."

"To irinku ake farauta."

Wannan ya yi masa daɗi, na ga alama. Ya gyara zama ya ce in ba shi karen. Sai dai wayarsa irin ta dā ce mai murfi, ba ta ɗaukar komai sai kira. Don haka a wayata na saka manhajar, ya yi magana da su da bakinsa ya ce ni ce mai kula masa da abin.

Mako biyu babu labari. Mujiya takan aiko mini da saƙo ranar Litinin ta ce lafiya lau. Kare kuwa haushi yake yi na gaske, don ƙarar saƙonsa ke nan, amma duk a kan shirme: an ga tsohon adireshin Orville a wani wuri, an ga lambar wayar gidansa da aka yanke tuntuni. Har na fara jin haushin ɓarayin. An sace mu gaba ɗaya, amma babu wanda ya ga mun isa a yi amfani da mu.

Wata Alhamis da hantsi ƙanwata Darlene, wadda gidanta ke manne da nawa, ta shigo muna murza kwaɓin fulawa. Wayata ta yi haushi. Na goge hannu ɗaya na duba.

Wani ya nemi a buɗe masa katin bashi da sunan Orville Dombeck, a wani shagon sayar da gwal da ke garin da ke gaba da namu. A ƙasa an rubuta tambaya: kai ne ko ba kai ba ne?

"Darlene," na ce. "Mun samu."

"Mun samu me, Yaya?"

"Ɓarawo."

Ta zo ta leƙa ta kafaɗata. "Ki kira shi tukuna mana."

Na kira, wayar a kashe. Dama ya gaya mini zai je wurin likitan haƙori da safen nan. Kuma Orville a shagon gwal? Mutumin da igiyar agogonsa ta tsinke ya ɗaure ta da zaren kamun kifi? Na danna "ba ni ba ne" da ƙarfin da sai da fulawa ta manne a fuskar wayar. Sannan na kira kamfanin.

Wata yarinya mai sanyin murya ta ɗauka, ta ce sunanta Yolanda. Ta ce na yi daidai, an kulle sunan, kuma yanzu za su sanar da bankin da shagon ke hulɗa da shi. Na tambaye ta ko mutumin yana can har yanzu.

"Mai yiwuwa ne, Mama, don yanzun nan aka nema. Amma don Allah kada ki je. Ki bar mana."

"Haba, ina ni ina zuwa," na ce. Kafin in kashe wayar Darlene ta riga ta ɗauko makullin mota.

Ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Darlene na tuƙi da rigar girki a jikinta, muna wuce gonakin da ba a shuka ba tukuna, muna ta ƙyaƙyata dariya ba dalili.

"Ina jin saurayi ne," in ji ta. "Mai zane a wuya."

"A'a, dattijo ne. Dole ya yi kama da mai shekara saba'in."

"To in kyakkyawa ne ki bar mini shi. Ke kina da naki."

"Abokina ne."

"Na ji. Yaya, in ya zaro bindiga fa?"

"Sai in ce ke ce kika danna."

Ta yi dariya har sai da motar ta ɗan karkace.

Muka tsaya a tsallaken titi muna hangen shagon ta gilashi. Mutum ɗaya ne a ciki ban da mai shagon. Yana zaune ya ba mu baya, sanye da kwat mai ruwan toka, gashin kansa baƙi ƙirin yana sheƙi.

"Ga shi nan," na ce. "Dubi ƙeyarsa. Ƙeyar mugu ce wannan."

"Har kofi aka ba shi, mara kunya." Darlene ta ɗaga waya tana ɗaukarsa hoto. "Mu kira 'yan sanda?"

Da na bi shawararta. Amma tunanin wani yana zaune yana shan kofi da sunan Orville, sunan da ya yi shekara saba'in yana lallaɓawa, shi ya ɗaga ni daga kujera. Na tsallaka titi, Darlene na bina tana cewa in tsaya. Na tura ƙofa, ƙararrawa ta kaɗa, na nufi mai shagon kai tsaye.

"Baiwar Allah, kada ki ba mutumin nan ko allura. Ba shi ne Orville Dombeck ba. Ni na san Orville Dombeck."

Mutumin ya juyo a hankali. Babu gemu, haɓarsa fara sol kamar ba ta taɓa ganin rana ba. Amma kunnuwan nan na san su, kuma sun yi ja.

"Ina kwana, Marlys," ya ce.

Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Ina haƙorin?"

"Haƙori lafiyarsa ƙalau."

"Me ya sami kanka?"

"Mai aski ne ya ce zai rage mini shekara goma."

Mai shagon, wata doguwar mata mai tabarau a rataye a wuya, ta dafa ƙirji ta sauke numfashi. Ta ce banki ya kira ta a ɓoye ya ce mai sunan ya ce ba shi ba ne. Ta duba hoton lasisinsa, ta ga tsoho mai furfura da gemu, ta ɗaga kai ta ga wannan. Tun ɗazu take dura masa kofi tana tunanin abin yi, kofi na uku ke nan.

"Ni kuma na ɗauka kirki ne," in ji Orville.

Har lokacin kaina bai kawo ba. Na ce, "To me ya kai ka neman bashi? Kai da ba ka cin bashi?"

"An ce in na buɗe katin shagon za a yi mini ragi."

"Ragi a kan me?"

Darlene ce ta fara ganin ƙaramin akwatin da ke kan teburin mai shagon. Ta yi wani irin sauti, ta lalubi kujera ta zauna, ta rufe fuska da rigar girkinta, kafaɗunta na girgiza. Na bi inda ta duba. Akwatin zobe ne.

"Ki kira su ki ce ni ne," in ji Orville, idonsa a ƙasa. "Sauran maganar a yi ta daga baya. Ba haka na tsara ba. Na kama mana tebur gobe a wurin kifi, kusa da taga."

Na kira kamfanin, na buɗe muryar kowa ya ji. Aka yi sa'a aka sake haɗa ni da Yolanda. Na ce mata an samu ɗan kuskure, ɓarawon shi ne mai sunan.

"Mama, kin je ke nan."

"Hanya ce ta biyo da ni."

Ta ce sai ta tabbatar da shi ne. Ta tambaye shi motarsa ta farko, ya faɗa har da launinta. Ta tambayi titin da ya girma, ya faɗa, ya ƙara da cewa yanzu an rushe gidan. Sannan ta ce, "Saura ɗaya, Baba. Tunda rahoton ƙarya ne aka shigar, dole in rubuta. Matar da ta kira ɗazu, mece ce ita a wurinka?"

Orville ya kai hannu zai shafa gemu, ya tarar babu.

"Abin da na zo gyarawa ke nan, 'yata," ya ce. "Ɗan riƙe layin."

Ya dafa kujera zai durƙusa. Gwiwarsa ta yi ƙara, ya tsaya a rabin hanya, bai sauka ba bai miƙe ba.

"Marlys, na gaji da maida ke gida ranar Lahadi in juya ni kaɗai. Kin iya rigima, kin sa an kusa kama ni, amma duk da haka. Za ki aure ni?"

Na so in ba da amsa irin ta manya. Dariya ce ta ƙwace mini, irin wadda ke zuwa da hawaye, na kasa tsayar da ita. Sai kai nake gyaɗawa, ina jan hannunsa ya miƙe kafin ya faɗi.

"Ki faɗa da baki, Yaya, mutumin nan zai karye," in ji Darlene.

"Eh. Eh mana. Tashi."

Daga cikin wayar muka ji ƙaramar murya. "Ina nan fa. Me zan rubuta?"

"Rubuta amarya," in ji Orville.

Ba mu tafi da zoben ranar ba. Yolanda ta ce kullewar ta fi buɗewar sauri, sai washegari. Mai shagon ta bari na gwada shi, ya shige daidai, sannan ta karɓe abinta ta mayar cikin akwati tana ba da haƙuri. Orville ya ƙi biya da kuɗin hannu, ya ce bai sha wannan wuyar don ya rasa ragin ba.

A gidan abincin da ke kusa muka yanke hukunci kan kamfanin da za mu ɗauka. Shi ya ce mujiya yake so, don ita ta san abin da ya shafe ta. Na ce ai ba ita ke gadinsa ba, ba a yi mata adalci ba, amma kare ya nuna aikinsa a gaban shaidu: da ɓarawon gaske ne, da bai fita da ko allura ba. Darlene ta goyi bayana bakinta cike da dankali. Muka ɗauki kare, mu biyun. Sharaɗinsa ɗaya ne, a saya masa waya irin tawa, haushinsa ya riƙa zuwa aljihunsa.

Ranar Asabar muka sayo wayar, na zauna ina koya masa. Yatsunsa manya ne, yana danna harafi ɗaya uku su fito. Da yamma bayan ya koma gida ya rubuta saƙonsa na farko, wanda ya yi nufin ni kaɗai in gani, ya tura wa ƙungiyar rawarmu ta Lahadi gaba ɗayanta. Ba zan faɗi abin da ya rubuta ba. Amma da muka shiga zauren ranar Lahadi, mai akodiyon ya tsayar da kiɗa, mutane suka miƙe tsaye suna tafi, wata tsohuwa da ko gaisawa ba mu cika yi ba ta kama hannuna ta ce ba ta taɓa zaton Orville ya san irin waɗannan kalmomin ba.