Asabar Ɗin da Harshen Yaya Ya Sarƙe

Shekara tara Auta tana hawa benen nan kowace Asabar da yamma, zuwa falon yayanta. Can suke wasansu a kan teburin cin abinci. Kowa yana da jarumin da ya ƙirƙira a takarda. Yaya, tsohon malamin makaranta, shi ke ba da labarin, su kuma su faɗi abin da jarumansu za su yi, sannan a jefa ɗan lido a ga ko sa'a ta yarda.

Da su bakwai aka fara, ban da Yaya. Aka yi wa wani canjin wurin aiki, wata ta haifi tagwaye, wasu biyu suka yi faɗa a kan takobin da babu shi a duniya, suka daina gaisawa. Saura Auta da Tela da Direba. Ran nan kuwa jarumansu sun iso ƙofar ƙarshe, wadda ɓarawon da ya sace kogin garinsu yake ɓoye a bayanta.

"Yau dai a yi ta ta ƙare," in ji Tela. "Furfura ta fito mini a bin ɓarawon nan."

Yaya ya gyara tabarau, ya ƙanƙance murya. Gwani ne wajen kwaikwayo. In ya yi muryar dodo har tsikar jiki sai ta tashi.

"Kun tura ƙofar," ya ce. "A ciki sai ga... sai ga cokali."

Suka fashe da dariya.

"Cokali, Malam?" Direba ya buga tebur. "Shekara tara a kan cokali?"

"Cokalin ya... taga. Taga ta zo." Maganar tana fita a ja, kamar bakinsa cike da ruwa. Gefen leɓensa ya saki.

"Kai, wannan dodon ya fi na bara," in ji Tela. "Dubi fuska, don Allah!"

Auta ma dariya take, har da share hawaye. Ta ɗauki ɗan lido tana jira ya ce ta jefa. Bai ce ba. Kofin shayin da ke hannunsa na dama ya sulale, ya kife a kan taswirar da ya yi wata guda yana zanawa, bai ko kalle ta ba. Ita yake kallo. Idonsa ya cika da roƙo, irin kallon wanda ruwa ke ci.

Ta ajiye ɗan lidon.

"Yaya? Yaya, daina. Kira sunana."

Ya buɗe baki. Yawu ne ya zubo.

"Ba wasa yake ba!" Ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba sai da ta ji muryarta ta dawo mata daga bango. "Ku ɗauke shi!"

Direba ya goya shi a baya. Hawa uku ne, matakalar ga ƙunci, hannun Yaya yana reto yana bugun ƙarfen dafawa. Auta na biye da takalminsa ƙafa ɗaya, ba ta san dalilin da ya sa ta ɗauko shi ba. A mota ta ɗora kansa a cinyarta. Kowace danja suka tarar ja ce. Tela yana gaba yana salati, Direba ya kwanta a kan oda. Ita kuwa yatsunta na kan wuyan Yaya, tana laluben bugun jininsa.

A asibiti wata likita ta tare su da tambaya ɗaya: "Ƙarfe nawa abin ya fara?"

Suka dubi juna.

"Hajiya, maganin da zan ba shi da lokaci yake aiki. Minti nawa kafin ku taso?"

Biyar? Ashirin? Auta ta laluba, ba ta samo komai ba sai ƙarar dariyarsu. Ta zauna a ƙasa.

Yaya ya rayu. Jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwarsa. Ɓarin dama ya shanye, kalmomi suka watse masa, sai "to" da "a'a" da ɗan abin da ba a rasa ba. Auta ta mayar da shi gidanta.

Bayan wata huɗu Tela ya buɗe littafin da Yaya ke rubuta shirin wasan. Akwai sunayen garuruwa, da zanen gadoji, da tarihin kakannin kowane jarumi. Ƙarshen labarin ne kawai babu. A cikin kansa ya bar shi. Direba ya gwada zama a kujerar Yaya ya ƙarasa musu, ya yi jimla biyu, ya tashi ya fita. Sau ɗaya Auta ta tambayi Yaya yadda abin zai ƙare. Ya yi ta kokawa da harshe har gumi ya keto masa, numfashinsa ya sarƙe, ta ruga neman na'urar awon jini. Ba ta sake tambaya ba.

Daga baya Direba ya samu aikin babbar mota, sai ya yi wata biyu ba a gan shi ba. Tela kan leƙo idan ɗinki ya yi sauƙi. Asabar yanzu ranar gashin ƙashi ce a asibiti. Makon jiya Yaya ya ɓalla maɓallan rigarsa da hannun hagu, shi kaɗai, ko da yake ya tsallake guda ɗaya.