Buhunan da Tizhe Ya Jera a Kan Iyaka

Gabdo mutum ne da in ya ƙi ka, ko gaisuwarka zagi ce a kunnensa. Shekara uku ke nan ba ya magana da Tizhe, maƙwabcin lambunsa a bakin mayo, wato kogi, a Lamorde, a kan rigimar iyakar da ba ta kai taku biyu ba.

Bana fangali ɗaya tak Gabdo ya yi na rainon kabeji, saura mako guda ya dasa. In ya rasa shi ya rasa shekarar, don lokacin sake raino ya wuce. Sai ga dodon koɗi, irin marar kwanson nan. Kullum safiya ganye da huji, ƙasa da yauƙi, Gabdo da baƙin ciki.

Ran nan da sassafe ya hangi Tizhe tsugune a kan iyaka, yana ɗaga jiƙaƙƙun buhunan da ya jera, yana tsintar wani abu yana jefawa a bokiti. Ya matsa ya leƙa. Dodon koɗi ne cunkus.

"Ashe kai kake kiwon su kana turo min," in ji Gabdo.

"Malam Gabdo, tarko ne," in ji Tizhe. "Daga ciyawan mayo suke hawa. In gari ya waye suna ɓuya a ƙarƙashin buhu mai sanyi, ni ina kwashe, ina sa gishiri. Buhu ɗin nan yana tare naka da nawa."

"Ka tare naka. Wa ya aike ka?"

Maganar tarkon ta shiga kunnen Gabdo sarai, amma gara ya mutu da ya yarda da ita daga bakin Tizhe. Ya tattara buhunan ya watsa su cikin mayo.

Da yamma Tizhe ya kawo wasu buhunan, ya kewaye nasa fangulan kaɗai, ya bi bayansu da toka.

Kwana uku aka yi ana yayyafi. A safiya ta huɗu Gabdo ya tarar da fangalinsa an aske shi ƙwal, sai 'yan tsinkaye a tsaye. Ya daɗe yana kallo, hannu a ƙugu.

Tizhe ya zo wucewa da bokitinsa, ya karkata shi yadda Gabdo zai ga ciki.

"Yau kaɗan na samu," ya ce. "Sun ƙoshi a wani waje."